Ƙafar da Ba Ta da Rana

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san ƙarar keken Gwaggo Tela kafin ya san fuskarta. Shagonta ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta bakin titi, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai teburin yanka, da madubi mai tsaga a gefe, da igiyar rataye kayan da aka gama, sai keken kansa: baƙi, mai nauyi, irin wanda ake takawa da ƙafa, adon jikinsa duk ya goge saboda shafar hannu. Tun tana amarya take kansa. 'Ya'yanta sun sha yi mata tayin na lantarki, takan ce wutar da sai ta ga dama take zuwa ba za ta zama uwar ɗakinta ba.

Gaskiyar magana kuwa, ƙafarta ta dama ce telan. Hannu dai ya riƙe yadi ya bi da shi. Amma sanin inda za a ruga, da inda za a lallaɓa a kwanar wuyan riga, da inda za a tsaya cak allura na cikin yadi, duk a tafin ƙafar nan yake. Da ita aka yi wa yara karatu, da ita aka sauya rufin ɗaki, da ita kuma ake cefane tun da sana'ar maigidanta ta mutu. Shi gyaran rediyo yake yi a da, har zamani ya zo ya wuce da rediyon. Yanzu kujerar roba ce da shi a bakin shagon, yana karɓar saƙo, yana ba masu jiran kaya labari don kada su lura ba a gama ba. Ita tana ce masa Malam, shi kuma in tsokana ta motsa sai ya kira ta Manaja.

Ciwo bai zo mata da gayya ba, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa sallama. Hawan jini ne ya fara, bayan haihuwar Auta. Ana nan sai ƙishirwa da yawan fitsari, aka auna aka ce suga. Daga baya gwiwoyi suka ce su ma ga su nan, musamman ta hagu, wadda in ta miƙe daga zaune sai ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Babu mai warkewa a cikinsu, duk na zama tare ne, kuma an gaya mata haka tun farko. Ta karɓa, don ba mace ce mai raki ba. Abin da ta kasa sabawa da shi shi ne yadda babban asibiti ya raba ta uku.

Litinin ranar masu ciwon ƙashi ce, a ƙarshen baranda. Talata ta masu suga, a saman bene, inda matakala take nuna wa mai ciwon gwiwa iyakarsa. Alhamis ta masu hawan jini da zuciya. Kowane sashe da likitansa, da katinsa, da fayil ɗinsa, da magatakardan da ke ba da ranar dawowa. Ranar kuwa sai an yi watanni take zagayowa, kuma duk lokacin da ta zo, shago a rufe yake wuni. Likitan suga ya ce ta riƙa tafiya mai nisa kullum. Likitan ƙashi ya ce ta rage takawa, ta hutar da gwiwa. Na zuciya ya hana gishiri, na suga ya hana zaƙi, har Malam ya ce saura wanda zai hana ruwa, a huta da girki gaba ɗaya. Ƙwayoyin da suke ba ta, a wani tsohon gwangwanin maɓallai take zuba su, ta san kowace da kalarta da lokacinta, ko da yake ba ta san sunan ko ɗaya ba.

"Manaja, yau wace tasha muka kamo?" haka yake tambayarta in ya ga tana neman kati da sassafe.

"Tashar jini."

"To, Allah ya sa ta kama tar, ba shuu ba."

A shekararta ta farko a asibitin ta yi wauta irin ta baƙo. Ta shiga wurin likitan hawan jini, ya ce yaya jiki, ita kuwa ta kwance masa jaka: ga jiri, ga gwiwa, ga tafin ƙafa da ke yi mata kamar tana taka auduga. Mutumin ya saurara, bai yi faɗa ba. Ya ce ta fara zuwa sashen ƙashi su ga gwiwar, kafin ya san maganin da zai sauya mata. Ta ja ƙafa har ƙarshen baranda, aka ce yau ba ranarsu ba ce. Ta dawo, ta tarar shi ma ya tashi. Ta koma gida ba maganin jini ba na gwiwa, aka kuma ba ta wata rana can gaba.

A bencin jira ta sami mai yi mata bayani. Wata dattijuwa ce siririya mai yawo da lema, tsohuwar mai shara a wata ma'aikata, wadda ta daɗe tana zuwa asibitin har masu gadi na gaishe ta. 'Yan benci suna kiranta Ciyaman. Ta san likitan da ke zuwa da wuri, ta san magatakardan da ba a yi wa magana sai ya gama shayi, ta san bayan gidan da famfonsa ke aiki.

"Ƙanwata, ke kika jawo wa kanki," in ji Ciyaman. "Taura biyu ba ta taunuwa. A gidan nan kowace rana da ciwonta. Ran Alhamis ke mai hawan jini ce. Ba ki da gwiwa, ba ki da ƙafa, kai ma ba ki da shi sai in jiri yake yi. Ki shiga da ciwo ɗaya, ki fito da takardar magani. Kika ambaci na biyu, kin aiki kanki."

"To in ya tambaya fa, Yaya?"

"Ki ce da sauƙi, ki yi godiya, ki ba na bayanki wuri. Mu da muka riga ki barci ai mun riga ki tashi."

Tela ta gwada, ta ga dabarar tana ci. Shekaru ta yi a haka. Takan bar sauran jikinta a bakin ƙofa kamar takalmi, ta shiga da abin da ake nema, ta fito da magani kafin rana ta take. Har ita ma ta koya wa sababbin zuwa.

Abin ya faru ne dab da komawar yara makaranta. An ba ta ɗinkin yunifom na wata makarantar firamare, aikin da take sa wa ido duk shekara, shago ya cika da shuɗin yadi har ba wurin ajiye ƙafa. Wata rana almakashi ya faɗi, Malam ya sunkuya zai ɗauko mata, sai ya ga jini a kan fedar keke.

"Manaja, keken nan ne ya yanke, ko ke ce?"

Ta ɗaga ƙafa. Guntuwar allurar da ta karye tun shekaranjiya, wadda ta nema ta rasa, ita ce ta huda silifa ta shige ƙarƙashin babban yatsa. Tela ta yi ta kallon wurin. Ba jinin ne ya ba ta mamaki ba, rashin jin zafin ne. Malam ya ɗauko tsohon hantsakinsa na gyaran rediyo ya zare allurar, yana cewa ashe dai sana'arsa ba ta gama mutuwa ba. Ta wanke da ruwan ɗumi, ta yagi ƙyalle mai tsabta ta ɗaure, ta mayar da ƙafa kan feda. Tela da sukar allura ai sun saba.

Sai dai wannan sukar ta ƙi rufewa. Bakinta ya yi fari, tana ɗan tsatsar ruwa, kullum da safe sai ƙyallen ya manne. Kuma ba ta zafi, shi ya sa ba ta shiga gaban aiki ba.

Ana haka ranarta ta Alhamis ta faɗo. Ta sa safa a kan ɗaurin ta tafi. A benci ta ja Ciyaman gefe, ta zame safar ta nuna mata. Ciyaman ta sauke tabarau ta duba, ta yamutsa fuska.

"Wannan na 'yan Talata ne."

"Ranata ta Talata kuwa sai ƙarshen shekara, Yaya."

"Maganin jininki fa, da saura?"

"Ya kusa ƙarewa."

"To kin gani. Kika nuna mata ƙafar nan, sama za ta tura ki. Sama su ce ba ranarsu ba, ki sauko ki tarar ta tashi. Biyu babu. Yau dai ki karɓi na jini. Talata ki zo ki roƙi yaron nan na sama mai ba da rana, wani lokaci yana da mutunci."

Likitar ranar sabuwa ce, matashiya, idanunta jajir don rashin barci, fayil sun yi tsini a gabanta. Ta auna jinin, ta sake aunawa, ta ce ya hau fiye da na baya. Ta tambaya ko Mama tana shan magani yadda aka ce. Tela ta ce ko sau ɗaya ba ta tsallakewa. Likita ta girgiza kai ta ƙara ƙarfin ƙwayar. A waje wani yana buga ƙofa yana cewa tun safe suke nan.

"Akwai wani abu kuma, Mama?"

Hannun likitar ya riga ya kai kan fayil na gaba. Ƙafar tana ƙarƙashin tebur, safar ta ɗan jiƙe, tsakaninta da takalmin likita bai kai taku ɗaya ba. Tela ta buɗe baki. Sai ta tuna matakala, ta tuna yadin da ke jibge a shago, ta tuna gwangwanin da ya kusa zama fanko.

"Babu, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ran Talata ta sake rufe shago. Ta hau benen tana riƙe da ƙarfe, tana hutawa a kowace kwana. Magatakardan ya duba katinta ya miƙo mata.

"Mama, ranarki ba ta zo ba. Fayil ba ya fitowa sai da rana."

"Ɗana, na sani. Ƙafa ce ta matsa mini."

"Ƙafa kuma ai ba daga nan ake farawa ba. Ki sauka wajen ganin likita na kowa da kowa, in sun ga tamu ce su rubuto mana."

"Ai ni taku ce. Ga katinku a hannuna."

"Mama, don Allah ki matsa, ana jira."

Ta sauko. A wajen na kowa da kowa aka ce lambobin yau sun ƙare tun da hantsi, ta dawo gobe da wuri. Wani mai tura gado ya ce ta gwada sashen gaggawa. Can ta tarar an kawo waɗanda suka yi haɗarin mota, wasu a kan gado wasu a ƙasa, nas tana gudu da ledar ruwa. Da nas ta ɗan tsaya, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Da ƙafarki kika zo, Mama?"

"Da ita."

"Tana miki zafi?"

"A'a."

Nas ta waiwaya ta dubi mutanen da ke kwance. Kunya ta kama Tela, ta yi musu sannu ta fita. A ɗakin wankin ciwo suka ce da gudu za su wanke mata, amma sai da takardar likita. Wane likita? Kowanne. Ta tsaya a tsakiyar baranda, ga ƙofofi ko'ina, kowace da mutum mai farar riga a bayanta, ita kuma tana da kati uku a jaka, babu wanda zai buɗe mata ko ɗaya. Ta biya kemis a hanya, ya ba ta man shafawa da kafso, ya ce in sha Allahu zai bushe.

"Gobe da wuri" kuwa ba ta je ba. Shugabar makaranta ta riga ta aiko sau biyu, kuma Tela ta yi asarar wuni biyu a mako guda. Ta zauna kan keke. Ƙafar ta fara kumbura, har silifarta ta ƙi shiga, ta koma sa ta Malam. Da yamma sai jikinta ya ɗau ɗumi, ta sha ƙwayar gwiwa biyu maimakon ɗaya, zazzaɓin ya lafa, ta ci gaba da haɗa hannun riga.

Ƙarshen mako Auta ta zo. Ita tana aikin karɓar kuɗi a wani kanti can wani gefen gari, ba kullum take samun leƙowa ba. Tana shiga shago ta tsaya.

"Umma, wani abu ya mutu a ƙarƙashin yadin nan?"

"Bakinki ya mutu. Miƙo mini zaren can."

Malam ya yi tari daga waje, ya nuna ƙasa da haɓa. Auta ta durƙusa ta kwance ɗaurin, ta saki salati.

"Baba, kana zaune kana kallo?"

"Ni? Yau aka fara jin maganata a shagon nan? Na ce ta je, ta je. Sun yi ta wasan ƙwallo da ita ta dawo."

"Umma, tashi mu tafi asibitin kuɗi yanzu."

"Su kwantar da ni, yunifom ɗin mutane ya ɗinka kansa? Kuma su can ba su san jinina ba, ba su san sugana ba, daga farko za su faro." Ta ƙwace ƙafarta. "Jibi Litinin ina da rana wurin likitan ƙashi. Ƙafa dai ai ƙashi ce. Ko zai kore ni sai na nuna masa."

Likitan ƙashi dattijo ne mai sanyin magana, ya daɗe yana ganinta. Ya sa ta zauna kan gado, ya danna gwiwar hagu, ya lanƙwasa, ya saurari ƙarar kamar mai sauraron labarin da ya riga ya sani. Ya koma kan kujera zai rubuta maganin da ya saba.

"Likita, na san ba ranarsa ba ce," in ji Tela. "Amma ka yi haƙuri ka duba mini wannan."

Ta zame safar. Alƙalamin ya tsaya. Ya taso, ya sa safar hannu, ya taɓa yatsan da ya riga ya yi baƙi, ya bi jan da ya hauro har idon sawu. Sanyin maganarsa ya tafi.

"Tun yaushe? Me ya sa ba ki zo ba, baiwar Allah?"

"Na zo."

"Wa kika gani?"

Ta fara jera masa: yaron sama, masu lamba, nas, masu wankin ciwo. Ya katse ta.

"Likita nake nufi. Ba ki ga likita ko ɗaya ba?"

"Na ga ta Alhamis."

"Me ta ce?"

"Ban nuna mata ba. Ba ranarsa ba ce."

"Wa ya ce miki ciwo yana da rana?"

Amsar tana bakinta, tana da tsawo, ta shekaru ce. Amma kafin ta haɗa kalmomin an turo keken marasa lafiya, an ɗora ta a kai. Daga nan ƙofofin da suka ƙi buɗuwa suka riƙa buɗewa da kansu. Ba wanda ya nemi kati. Fayil ɗin da ba ya fitowa sai da rana, sai ga shi an sauko da shi daga sama a guje. Kafin dare an shiga da ita tiyata. Aka cire babban yatsa, da na kusa da shi, da tudun naman da ke ƙarƙashinsu, daidai inda ke danna feda.

Kwana biyu bayan haka, da safe, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Likitan ƙashi, da likitan suga, da matashiyar nan ta Alhamis, duk su ukun a tsaye a gefen gadonta, suna magana da juna.

"Ashe kun san juna," in ji Tela.

Likitan suga ya yi 'yar dariya. Matashiyar ba ta yi ba, idonta na kan bandejin.

"Mama, ai na tambaye ki."

"Kin tambaya, 'yata."

Suka ce a kawo duk maganin da take sha. Auta ta juye gwangwanin a kan zanen gado. Matashiyar ta tsinci ƙwayar gwiwa ta ɗaga, ta tambayi tun yaushe Mama ke shan wannan. Shekaru, in ji likitan ƙashi, shi ya rubuta. Suka koma magana ƙasa-ƙasa. Daga baya aka yi mata bayani a hankali: ƙwayar da ke kwantar mata da gwiwa tana tayar da jini, kuma tana cin ƙoda. Sashen Alhamis ya daɗe yana ƙara mata magani don ya danne abin da sashen Litinin ke tayarwa, ba wanda ya san da wani, don ba fayil ɗaya suke dubawa ba, ita kuma tun wautar farko ba ta ƙara kai maganar Litinin ran Alhamis ba. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta riga ta taɓu. Ba ta lalace ba tukuna, amma sai an riƙa sa mata ido. Masu ƙoda ran Laraba suke zama.

"Ana kukan targaɗe," in ji Malam daga gefen gado, bai ƙarasa ba.

Ciyaman ta zo dubiya da lemarta da 'yar ledar lemo. Ta zauna a bakin gado.

"Ni dai ban ce ki ɓoye har ya ruɓe ba, ƙanwata."

"Ban ce kin ce ba, Yaya."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan a kwanakin da ta yi tana kallon silin. Ta nemi wanda za ta yi fushi da shi ta rasa. Ciyaman gaskiya ta faɗa, abin da ta gani ta koyar. Yaron sama dokar da aka ba shi ya bi. Nas tana da mutane kwance cikin jini. Likita ta tambaya. Kowa ya yi daidai, yatsu dai sun tafi. In ta juyo da fushin kanta, sai ta tuna ranar da ta faɗi gaskiya ta koma gida hannu rabbana. Haka fushin ya yi ta zagaye a ƙirjinta ba wurin sauka, har nas ta auna jini ta ce Mama ki rage tunani.

Da aka sallame ta, ta tarar shago fayau. Shugabar makaranta ta aiko an kwashe yadin, da wanda aka gama da wanda ba a gama ba, an kai wa wani tela mai kekunan lantarki. Ta aiko da gaisuwa da addu'a. Tela ba ta ga laifinta ba, yara ba za su shiga aji da addu'a a jiki ba.

Bayan ciwon ya haɗe, wata safiya ta sa Malam ya sa wa keke mai. Ta zauna, ta ɗora ƙafar dama a kan feda. Dunduniya ta danna, gaba ya ƙi amsawa, ƙafar ta zame gefe. Ta sauke ta, ta ɗora ta hagu. Keken ya juya baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ya tsinke. Ta sake zura zare ta gwada. Wannan karon ya tafi, amma tafiyar maye, yana fizga yana tsayawa, kuma kafin ta kai ƙarshen ƙyalle gwiwar hagu ta fara kuka, ga ƙwayar da ke rarrashinta an hana.

"Matsa, Manaja," in ji Malam. Ya jawo kujerarsa ya matse kusa da ita, ya zura doguwar ƙafarsa ƙarƙashin keke. "Ke riƙe yadi, ni ne lantarkin."

"Sannu a hankali. Malam, a hankali na ce! Tsaya!"

"Ai na tsaya."

"Bayan ka wuce kwana? Dubi abin da ka yi. Wannan wuyan riga ne ko hanyar tsutsa?"

"To ki riƙa faɗa da wuri mana."

"Da wuri yaushe? Ƙafata ai ba na gaya mata komai."

Ya janye ƙafarsa a hankali. Ta ɗauki reza ta farke ɗinkin zare bayan zare, ta ninke ƙyallen ta ajiye.

Ba ta sayar da keken ba, ko da yake mai fenti ya kawo mai saye. Ta koma ayyukan hannu, waɗanda a da take ganin ba su kai ta zauna musu ba: sa maɓalli, kalmasa, toshe ɓular aljihu. Auta ta ce za ta nemo na lantarki mai ɗan maɓallin dannawa, Tela ta ce to, ba ta ƙara cewa komai a kan wuta ba. Yanzu kati huɗu ne a jakarta, kuma tunda an yi tiyata, kowane sashe yana son ganinta kusa-kusa, ga wankin ciwo a tsakani.

Wata Litinin da yamma, ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, wani magidanci ya tsaya a ƙofa da wando a hannu. Tsohon mai kawo mata ɗinki ne. Ya yi mata sannu da jiki, ya ce ƙafar wandon ce ta yi tsawo, yana da tafiya, ko zai samu gobe.

"Gobe ina sama, wajen masu suga."

"Jibi fa, Gwaggo?"

"Jibi ƙoda."

"To, gata."

"Gata jini. Ka bar shi zuwa Juma'a, zan yi maka da hannu, ba za ka gane ba keke ya yi ba."

Mutumin ya juya wandon a hannunsa, ya dubi titi. Ya ce Alhamis zai tashi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Gwaggo, ya gaida Malam, ya saƙala wandon a kafaɗa ya tsallaka titi.